Baƙin Baba na Cikin Gilashi

A duk faɗin ƙasar Kurfai, daga Filinge har inda motar Sanam take juyawa, babu gidan da ya kai namu iya riƙon baƙo. Tun da mahaifina, Mushe Ibrah (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ya kafa wannan gida, babu wani abu mai numfashi da ya taɓa shigowa cikinsa ya kwana da yunwa. Shi da bakinsa ya faɗa ranar da aka yi masa walimar barin aikin darektan lakwal, wato makarantar boko. Ya maimaita a wurin suna, ya maimaita a wurin gaisuwar mutuwa, kuma har yau ba a sami wanda ya musa ba.

Ku riƙe maganar nan, masu karatu, domin ita ce take neman raba ni da Bilal.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina: ni ce Basiratu, autar gidan. Shekarata ashirin da bakwai, takardar lisans ɗina ta jami'a tana ƙasan akwati, goggonnina kuma sun daina tambayata yaushe, sun koma kallona kawai suna jan numfashi. Bilal a jami'a muka haɗu a Yamai, inda ya karanta kiwon kifi. Mutanensa makiyaya ne daga wajen Sanam. Mahaifiyarsa, Inna Ramatu, tana da al'adar gidansu: kafin ɗanta ya auri mace, sai an ba ta amanar dabba ta riƙe, a ga hannunta. In dabba ta yi kyau, a yi magana. In ta lalace, a gaisa a rabu lafiya. Kuma tana da tata 'yar takarar, Asma'u ɗiyar ƙanenta, wadda aka ce akuyarta ba ta san haihuwar ɗaya ba.

Bilal mai ilimi ne, shi ya sa ya ga akuya ta yi ƙauyanci. Ya shawo kan uwarsa cewa kiwo kiwo ne, ya ɗauko mini akwatin gilashi daga Yamai, da 'yar na'urar tace ruwa mai soso a ciki, da tsakuwa, da kifi tara masu ruwan zinari. Ya ce kifi ya fi akuya sauƙi, ba ya shiga gonar mutane. Inna Ramatu ta zo ranar da aka kafa shi a salonmu, wato falon baƙi, tsakanin firij da hoton Baba yana karɓar takardar yabo. Ta tsuguna ta daɗe tana kallon kifin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake kallon shanu a bakin rijiya. Ta ce za ta dawo wata Lahadi ta kasuwa in damina ta zauna. Saurin yardarta ya kamata ya tsorata ni. Ni kuwa ina can ina gyara ɗaurin kallabi.

Damina ta zauna. Lahadin ita ce wadda ta wuce.

Farkon makon ɗaya ya mutu, washegari na tashi na tarar da na biyu ya bi shi, cikinsa sama. Sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, gefen kunnuwansu ya yi ja, ruwan kuma ya yi fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki. Na ɗebi ruwa a 'yar kwalbar gwaji, na ɗiga maganin da Bilal ya bar mini, na girgiza. Ya ce in ruwan ya yi rawaya lafiya lau. Ya yi kore shar, irin na ganyen gero.

Na tura masa hoto. Ko minti ɗaya bai yi ba.

"Amoniyak ce. Ta yi yawa ƙwarai. Buɗe na'urar ki ɗauko mini hoton soson."

Na buɗe. Soson da na sani baƙi-baƙi mai yauƙi ya zama fari tas, yana ƙamshi.

Sai saƙon murya ya shigo, mai tsawo. Bilal in ya tsorata malami yake komawa.

"Basi, saurara. Kashin kifi da ragowar abinci in sun ruɓe su ne ke zama amoniyak, ita kuma tana ƙone musu kunnuwan da suke numfashi da su. A cikin soson nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Kashi na farko su cinye amoniyak su mai da ita nitrit, ita ma dafi ce. Kashi na biyu su cinye nitrit su mai da ita nitrat, wadda ba ta da zafi sosai, canjin ruwa ke fitar da ita. Makonni suke ɗauka kafin su kafu. Dattin nan da ke jikin soson shi ne garinsu. Wa ya wanke shi?"

Wata mace ana aiko mata da kalaman da ke hana barci. Ni an aiko mini da tarihin kashin kifi, kuma sau uku na saurara.

Na sami Inna, mahaifiyata Hadiza, a bayan ɗaki tana ba tunkiyarta dusa. Farar tunkiya ce mai baƙin kai, jikar jikar wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan nan. Sauran duk sun tafi, wata a suna, wata a layya, wata ranar da Baba ya yi baƙi babu shiri. Ita kaɗai ta rage, ga ta da ciki.

"Inna, ke kika wanke soson kifi?"

"Da sabulu da jabel, maganin wankin fararen kaya. Wari shikai. Surukai za su shigo salona su iske ƙazanta?"

"Inna, ƙazantar ce maganin."

Ta dube ni kamar na ce mata na bar salla.

"Wanga shi ne abin da kunka karanto a Yamai?"

"Shi ne."

"To Allah shi kyauta. Na cire hannuna."

Ta cire kuwa. Inna ba ta alkawari sau biyu.

Bilal ya tsaro mini doka kamar likita. Kullum in zubar da rabin ruwan in zuba sabo, amma ba kai tsaye daga pampo ba, sai wanda ya kwana a baho a buɗe warin jabel ɗin da ake sa wa ruwan pampo ya fita, kuma kada ya fi na ciki sanyi ko zafi. Kada a sake taɓa soso. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in haɗa na'urar da batirin sola, domin halittun nan in ruwa ya tsaya shaƙewa suke yi. A rufe taga da labule, zafi yana ƙara wa dafin kaifi. Na ƙarshe ya rubuto shi da manyan baƙaƙe:

"KADA A BA SU ABINCI. Ko ƙwaya ɗaya. Yunwar 'yan kwanaki ba ta kashe kifi."

Na ce, "In ka sa sababbi a motar Yamai fa? Wa zai sani?"

"Inna ta san su kamar yadda ta san shanunta. Jiya ma ta tambaye ni mai baƙin wutsiya. Kuma sabo in ya shiga ruwan nan shi ma mutuwa zai yi."

Haka na koma 'yar garuwa. Na tuɓe lesina ruwan toka da na saba zama da shi a salo ko wani zai shigo, na ɗaura tsohon zanen Inna, ina jido daga baho zuwa gilashi. Lallen da na sa wa hannuna don ranar Lahadi ya koɗe. Batirin da muke kunna panka da shi na ba kifi, mu muka kwana cikin gumi. Gwangwanin abincinsu na kulle shi a akwatina tare da lisans, su biyu su yi wa juna zaman makoki.

Da yamma in na gwada, koren ya ɗan sassauta. Da hantsi in na sake, ya dawo kamar ban yi komai ba. Kwalba ta biyu, ta nitrit, wadda ya kamata ta zauna shuɗiya, ta fara komawa ruwan makuba. Na uku ya mutu. Na huɗu ya kwanta a kan tsakuwa yini guda yana haki, da magariba na kwashe shi da ludayi.

Na kira Bilal ina kuka. Da na gama, ya ce:

"Basi, ki faɗa mini gaskiya. Kina ba su abinci?"

"Na rantse maka."

"To lissafin bai fita ba. Ruwan da ake canjawa kullum, kifin da ba ya ci, daga ina amoniyak take fitowa? Wani abu na ruɓewa a ciki."

"Kana nufin ƙarya nake yi."

"Ban ce ba. Na ce lissafin bai fita ba."

Masu karatu, ku guji namijin da ke cewa lissafi bai fita ba. Na kashe wayar, na kifa ta a kan katifa. Bayan ɗan lokaci na ɗaga, na ga ya rubuto: "Kawu ya sake kawo maganar Asma'u. Na ce a jira Lahadi." Ko ɗan hoton zuciya bai sa ba.

Ranar Alhamis na ɗauko tiyo, na tsotsa har ruwan ya shiga bakina, na cusa bakinsa cikin tsakuwa kamar yadda ya koya mini. Abin da ya fito cikin bokiti ya sa na zauna a ƙasa. Wani farin gari ne da ya kumbura ya yi tsami, da maiƙo-maiƙo, da 'yan gutsattsarin ganye. Na ɗauki ɗaya a yatsa. Zogale ne. Dambu ne da kopto, kwaɗon zogale, har da mansa. Mutum ɗaya ne a gidanmu ake ajiye wa ragowar dambun dare a kwano mai murfi don ya karya da shi.

Washegari bayan sallar asuba na shiga salo na zauna bayan labule da carbi a hannu, ba don ina ja ba. Na ji takalmansa daga masallaci. Ya shigo da farar jallabiyarsa da hula, kwano a hannun hagu. Ya tsaya gaban gilashin, ya sunkuya.

"Kun tashi lahiya?" in ji shi, a hankali. "Haƙuri za ku yi. Yaran zamani ne."

Ya ɗebi dambu ya murza, ya barbaɗa musu.

"Baba."

Bai firgita ba. Wanda ya yi shekaru yana kama yara a bayan aji ba ya nuna an kama shi.

"Basira. Kin yi salla?"

"Na yi. Baba, an ce kada a ba su komai."

"Wa ya ce?"

"Bilal."

"Bilal yana Yamai. Ni ina nan ina ganinsu. Dube su." Ya nuna da yatsa. Su biyar ɗin suna saman ruwa, baki a buɗe. "Duk sanda na wuce haka suke yi mini. Roƙo suke. A cikin salona, ƙarƙashin hotona, baƙo na buɗe baki ina wucewa?"

"Baba, ba yunwa ba ce. Numfashi suke nema. Abincin ne ke ruɓewa yana ƙone su."

"Tun da na fara ba su, buɗe bakin ƙaruwa ya yi. Wanga ya nuna ba ya isarsu. Shi ya sa na ƙara."

Na buɗe baki na rufe. Na lura kamar su nake yi.

Na kawo kwalbar, na ɗiga maganin a gabansa, na nuna masa koren. Na yi masa bayanin halittu kashi biyu, da soso, da nitrit. Ya saurara da hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar mai sauraren hadda.

"Kin iya darasinki," ya ce. "Amma an kawo amana gidana. In uwar yaron nan ta zo ta iske su a rame, sunan wa za a kira a Sanam? Naki ko nawa?"

"In ta iske sun mutu fa, Baba?"

"Rai na Allah ne. Yunwa kuwa ta mai gida ce." Ya rufe kwanonsa. "Zan duba maganar."

Duk wanda ya yi lakwal a hannun Mushe Ibrah ya san ma'anar zan duba maganar.

Na ɗauki waya na rubuta wa Bilal: "Na gano. Baba ne." Na daɗe ina kallon kalmomin. In na tura, gobe uwarsa ta ji, jibi kawunsa ya ji, kasuwar Sanam ta ji cewa darektan da ya koyar da rabin Filinge ya kashe kifi da dambu. Kuma Bilal zai zauna gaban surukinsa har abada yana danne dariya. Na goge. Na rubuta: "Na tsotse tsakuwa, akwai datti." Ya amso: "Madalla. Ci gaba."

Inna na gaya wa, a madafa, tana tankaɗe.

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wa ke wanke kwanon?"

"Kika yi shiru?"

"Ke kin taɓa ganin an hana babanki kyauta?"

Daga ranar dai kwanon ya daina kwana da komai. Inna ta ce wa Baba dambun yana lalacewa saboda zafi, ta koma dama masa kunu. Ban ga yadda za a yi ya murza kunu ba, na ɗan sami numfashi. Amma an makara wa na biyar. Asabar da rana ya tafi, kuma mai baƙin wutsiya ne.

Lahadi na sa shaddata ruwan ƙasa da mayafi mai duwatsu, na shafa hoda a kan idon da ya kumbura. Inna ta share gidan har sau biyu, ta yi turaren wuta. Soson kuwa ta bar shi da ɗan yauƙin da ya fara yi, ko da yake duk wucewar da za ta yi sai ta kawar da kai.

Inna Ramatu ta iso bayan azahar, doguwa, cikin baƙin zane mai ratsin shuɗi, da manyan 'yan kunne na azurfa. Ƙanenta, uban Asma'u, ya rako ta, Baba ya tare shi a zaure. Aka gaisa, aka tambayi damina, da shanu, da gajiya. Aka kawo fura. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta tashi ta tsuguna gaban gilashin.

Ba ta ƙirga da yatsa ba. Idonta kawai ya zaga.

"Ina mai baƙin wutsiya?"

Na ce, "Ya rasu, Inna." Wallahi haka na ce, ya rasu.

"Da sauran huɗun."

"E."

Ta juyo ta dube ni, ba fushi, ba mamaki. Fuskar wadda ta riga ta san amsa tun ranar da ta ba da tambaya.

"Yaron nan ya ce mini abin ga ba shi da wuya." Ba ta kiran sunan Bilal, ɗan fari ne. "Ba a kai su kiwo, ba a kai su rijiya. Mi ya same su a hannunki, ɗiyata?"

Daga zaure muryar Baba tana shigowa, yana ba baƙonsa labarin shekarar fari da ya ciyar da 'yan aji biyu daga rumbunsa. Gaskiya ne kuma, ya ciyar. Ina jin sunansa a kan harshena. Kalma ɗaya ce, in faɗa in tsira.

"Ba hannunta ba ne," in ji Inna, mahaifiyata.

Tana zaune a bakin tabarma, hannuwanta a kan gwiwa.

"Ni na wanke musu soso da jabel, don ban son ƙazanta. Ni kuma na riƙa zuba musu dambu da asuba, don na ga suna buɗe baki. Yarinya ta hana, ban ji ba. Ita ruwa ta yi ta ɗauka har hannunta ya koɗe. Duba shi. Huɗun ga da kika gani, ita ta fisshe su daga hannuna."

Inna Ramatu ta kama hannuna ta juya shi, ta ga lallen da ya zama kamar tsohon tabo. Sannan ta dubi Inna, ta daɗe. Ta ɗan karkata kai wajen zaure, ta dawo da shi. Ban san abin da ta gane ba. Matan nan biyu sun yi wata magana da ido wadda ba a koya mana a jami'a ba.

"A wurinmu," ta ce a hankali, "in amana ta mutu don ajali, ba a magana. In kuwa da hannun mutum a ciki…"

"Na sani," in ji Inna. Ta tashi.

Na bi ta da ido ta taga. Ta nufi bayan ɗaki, ta tsuguna, ta kwance igiyar daga turke. Tunkiyar ta biyo ta ba gardama, tana shinshinar zanenta ko da dusa.

"Inna," na ce, da na iske ta a tsakar gida. "Tana da ciki."

"Shi ya sa za ta isa biyan amanar. Koma ciki, kin bar baƙuwa ita ɗaya."

Inna Ramatu ta shafa bayan tunkiyar, ta taɓa cikinta, ta karɓi igiyar. A bakin ƙofa ta juyo gare ni.

"Huɗun nan, in sun ga kaka, a aiko mini."

Ba ta ce e ba. Ba ta ce a'a ba. Uban Asma'u dai da ya ji, fuskarsa ta yi kamar ruwan gilashina.

Da suka ratsa zaure Baba ya ga tunkiyar a hannun baƙuwa. Ya ɗan tsaya, sai fuskarsa ta washe. Ya juya ga maƙwabtan da suka taru a kan dakali.

"Kun gani? Ban ma ce a yi ba. Gidan ga baƙo ba ya fita hannu wofi."

Aka ce Allah shi ƙara arziki, Mushe. Ya ce amin, ya raka su har bakin hanya.

Da la'asar sakaliya na gwada ruwan. Koren ya ja baya, ya fara neman rawaya. Su huɗun sun sauko daga sama suna yawo a tsakiya, bakinsu a rufe. Ban tura hoton ba tukuna saƙon Bilal ya shigo: "Inna ta kira daga tasha. Ta ce a jira kaka. Amma me ya haɗa ta da tunkiya? Ta wa ce?"

Har yanzu da nake rubuta muku ban amsa ba.

Na leƙa bayan ɗaki. Inna ta girgiza turken ta cire shi, ta jingina a bango, ta share wurin tas, ta juye ragowar dusar a gaban kaji. Daga zaure Baba ya ɗaga murya.

"Hadiza, mutane sun taru. A ɗora dambu, kada kowa shi tashi da yunwa."

"To, Mushe," ta ce.

Ta wanke hannu, ta shiga madafa.